Yadda za ku karɓi 'yan yawon buɗe ido a ƙauyenku ba tare da kun koma baƙi a garinku ba

Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a gefen fadamar Haɗeja, ta wajen Kiri Kasamma, kuma yau shekara huɗu kenan ni ke riƙe da littafin ƙungiyar cigaban garinmu. Abinda ya sa na zauna rubuta wannan, wani abokina ne ɗan wajen Rano ya kira ni kwanaki yace tunda wani yaro ya ɗora bidiyon dutsen garinsu a TikTok kusan duk Asabar sai motoci sun zo, yanzu har samari sun fara ba hammata iska a kan waye zai karɓi kuɗin fakin, dattawa kuma sun fara cewa a rufe hanyar kawai kowa ya huta, yace dan Allah in gaya masa mu ya muka yi da namu. Toh na ga maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ba su kaɗai ne a wannan hali ba.

Mu ranar da idonmu ya buɗe, uku ga ƙaramar Sallah ce. Kwasta uku suka shigo cike da samari da 'yan mata daga birni, ba wanda ya san da zuwansu, ko mai unguwa. Wallahi ba mugayen mutane ba ne, shan iska kawai suka zo, amma ba wanda ya nuna musu hanya, sai suka kafa sifika a gindin kukar da ke jikin maƙabarta, wasu suka ratsa ta cikin gonar wani dattijo don su isa bakin ruwa, wasu suka riƙa ɗaukar matanmu hoto suna wanki. Da la'asar sakaliya suka tafi suka bar mana leda da robobi kaman an watse daga kasuwa, bayan 'yan kwanaki akuyar wata tsohuwa ta daina cin abinci, da aka yanka ta leda ce cunkus a tumbinta. Da muka zauna lissafin wa ya amfana da zuwan nan, mai shago ɗaya ne da yara biyu masu kwale-kwale. Asarar kuwa ta shiga gidaje da yawa.

Baƙi za su zo ko kun shirya ko ba ku shirya ba, wannan kam ku sa a ranku. Fadamar Baturiya tana cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2008, tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su sauka a nan lokacin sanyi, Birnin Kudu na da zanen da mutanen da suka yi a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga dam ɗin Tiga, ga dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ga masaƙan Minjibir da marinan Kura, sannan a ƙarshen 2024 UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke tattali, wanda ya zo kallon hawa kuwa washegari zai nemi inda zai leƙa a karkara. Baƙonka annabinka, haka aka rene mu, amma ai mai gida ne ke nuna wa baƙo inda zai zauna da inda ba a shiga. In ba ku tsara wannan tun motocin suna biyu uku ba, ranar da suka kai ashirin wani ne daga waje zai tsara muku.

Zaman farko

A ƙofar gidan mai gari ake yinsa, don komai kyan tsari in dagaci ko bulama ya fara jinsa a bakin wani a kasuwa to ya mutu tun ranar. Amma kar ya zama zaman manya kaɗai. Mu mun kira liman, sarkin ruwa da masunta biyu, sarkin noma, hedimasta, shugaban 'yan acaɓa, shugaban 'yan sintiri, da arɗon Fulanin da ke zaune a bayan gari. Arɗo musamman kar ku manta da shi, sau da yawa inuwar da baƙi ke sha'awar shimfiɗa darduma su ci abinci ita ce mashayar shanu, hanyar da direba zai ga ta fi masa sauƙi kuma burtali ce, in garke ya dawo da yamma ya tarar da mota a kan hanyarsa rigimar da za ta tashi ba baƙon ne zai kwana da ita ba, ku ne.

Mata ba za su zo ƙofar fada su yi magana a gaban maza ba, kowa ya sani, don haka muka roƙi malamar Islamiyya da ungozoma suka tara su a cikin gida suka kawo mana abinda aka ce. Gaskiya abinda ya fito daga wannan zaman ya fi na maza amfani. Mu muna ta maganar tikiti, su kuwa maganarsu layin tuƙa-tuƙa ne da ke ƙaruwa duk ranar da baƙi suka zo, da yaran da ke ɓacewa daga gida tun safe suna bin motoci, da baƙin da ke zagayawa bayan dangar mutane don ba su da inda za su kama ruwa. Wata gwaggona ta tsare ni a zaure tace, "Ɗan nan, ku kuɗin kuke hange, mu kuwa wankinmu ya koma na asuba saboda masu waya, ka gaya wa bulama haka." Na ce, "In sha Allahu Gwaggo, zan faɗa yadda kika faɗa." Kuma wannan maganar ce ta zama doka ta farko a takardarmu.

Tambaya uku za ku ajiye a gaban kowane zama, na maza da na mata: ina ne ba ma so a taka, wane lokaci ne ba ma so a zo, mutum nawa za mu iya ɗauka a rana ɗaya ba tare da an takura ba. Maganar kuɗi ku bar ta sai zama na biyu, in kuka fara da ita ba wanda zai ƙara jin sauran. Abinda aka amince a rubuta da Hausa, boko da ajami in da hali, liman ya karanta bayan sallar Juma'a, a kai kwafi ga hakimi da ƙaramar hukuma.

Daga nan sai a zaga da ƙafa a fitar da hanya ɗaya tak da baƙo zai bi, daga wurin fakin zuwa abinda ya zo gani. Tamu ta zagaye maƙabarta da wurin wankin mata gaba ɗaya, ta ƙara wa baƙo tafiyar kusan minti goma, har yau ba wanda ya yi ƙorafi don bai ma san akwai wata hanyar ba. Motoci a bakin gari suke tsayawa, ba sa shiga lungu, saboda ƙura da yara ƙanana. Kowane rukuni kuma da ɗan jagora ɗan gari, ba mai yawo shi kaɗai, kuma duk wanda ya zo sai an rubuta sunansa da lambar wayarsa da lambar motar a littafi, yanayin tsaron da ake ciki ya sa wannan ba abin wasa ba ne, su kansu baƙin hankalinsu ya fi kwanciya in suka ga haka.

Adadi da lokaci

Kar ku auna yawan baƙin da za ku ɗauka da faɗin fili, ku auna da ban ɗaki da ruwan sha. In ƙauye na da tuƙa-tuƙa biyu da ke ƙafewa da bazara to bai da ƙarfin mutum ɗari biyu a rana ko da filinsa ya kai filin idi. Mu mun tsaya a kan bas biyu a rana, kuma duk makaranta ko ƙungiyar da za ta zo sai ta sanar kwana uku kafin nan ta WhatsApp, wanda ya faɗo haka kawai in an cika sai a ba shi haƙuri a ba shi wata rana, da farko nauyi muke ji sosai, korar baƙo ba ɗabi'armu ba ce, amma in aka shayar da shi ruwa aka yi masa bayani cikin mutunci yawanci yana fahimta. Abu na farko da muka gina da kuɗin baƙi masai ne, ɗaki biyu na maza biyu na mata, kusa da wurin fakin, da randa da butoci. Kafin rumfa, kafin allon maraba.

Kuma wannan ba ƙauyanci ba ne. Birnin Benis na Italiya, wanda ke zaune cikin ruwa, a watan Afrilun 2024 ya fara karɓar Yuro 5 daga masu shigowa yini ɗaya a ranakun cunkoso, a wannan shekarar dai mutanen Basalona ta Sifaniya suka fito zanga-zanga saboda 'yan yawon buɗe ido sun sa kuɗin hayar gida ya gagari ɗan gari. Waɗannan fa manyan birane ne masu hukuma da kuɗi, sai da abin ya kai musu wuya suka fara neman birki. Ƙauye mai gida ɗari ba zai jure rabin abinda suka jure ba.

Lokutan da muka rufe: ranar Juma'a har sai an sauko, duk ranar da aka yi rasuwa a gari, goman ƙarshe na azumi, da sati biyun da ake tsakiyar yankan shinkafa. Wannan na ƙarshen an sha muhawara a kansa don lokacin ne tsuntsayen suka fara sauka, baƙi suka fi so, amma sarkin noma yace yaron da zai bar lauje ya tafi rakiyar baƙo saboda dubu biyu, buhun da zai zube a gona wa zai biya? Kiɗa da sifika kuma babu, ko da rana, magariba na yi kowa ya kama hanya.

Kuɗi

Anan ne garuruwa ke watsewa, don haka zan daɗe a kai. Da farko ku san matsayin wurin. In abinda ake zuwa gani yana cikin gandun gwamnati ne ko yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa kaman duwatsun Birnin Kudu, ba ku da ikon kafa shinge ku yanka wa mutane tikitin shiga, yin haka zai jawo muku ƙarar karɓar haramtaccen haraji. Abinda kuke da iko a kai shi ne hidimarku: rakiya, gadin mota, kwale-kwale, abinci, ban ɗaki, kayan sana'a. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku je ƙaramar hukuma da takardarku su san da ku tun kafin wani ya kai gulma.

Hannu ɗaya ne zai karɓi kuɗi, a wuri ɗaya, da rasit mai lamba. Farashi a rubuce ɓaro-ɓaro a allo yadda ba ciniki ba kallon tufafin mutum a ƙara masa, 'yan makaranta rabin kuɗi, ɗan gari da na ƙauyukan maƙwabta kyauta, don ba zai yiwu wanda kakansa ya yi su a ruwan nan ya biya kafin ya je bakinsa ba. Akawun na ƙungiya ne a banki da sa hannun mutum uku, kuma kar a yarda a yi tiransifa zuwa akawun ɗin wani mutum ko da shi ne ya fi kowa amana, mun taɓa yin haka wata uku saboda sauƙi, ba a ci ko kwabo ba amma zargin da ya biyo baya sai da ya hana wasu gidaje biyu gaisawa har Sallah. Amana tana buƙatar shaida don a kare mai amanar.

Yadda muke raba duk naira goma da ta shigo: huɗu asusun gari, uku ladan masu aiki wato 'yan jagora da masu shara da mai gadin mota, biyu gyaran wurin kansa, ɗaya kuma asusun diyya. Wannan ɗayar ita ce ta fi ko wacce sanyaya zuciya. Duk wanda baƙo ya taka masa shuka, ko ya yaga masa koma, ko mota ta buge masa kaza, ba sai ya tsaya cacar baki da baƙo ba, sarkin noma ko sarkin ruwa ya je ya gani ya ƙiyasta, a biya shi cikin satin. Tsohuwar nan mai akuya ita aka fara biya duk da abin ya faru kafin a kafa asusun. Ba dole ku bi lissafinmu ba, ku dai tabbatar wanda bai da shago bai da kwale-kwale bai iya Turanci ba shi ma ya ga wani abu a ƙasa, gyaran tuƙa-tuƙa ne, rufin aji ne, maganin asibitin sha-ka-tafi ne. A Ruwanda gwamnati ke ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandun dajinta ke samu don ayyukan ƙauyukan da ke kewaye da su, da kashi 5 ne aka ɗaga shi a 2017, in kuna zama da jami'an gandu ko kwamishina wannan misali ne da za ku iya ajiyewa a gabansu ku ce mu fa ina namu.

Duk ƙarshen wata a karanta lissafi a bainar jama'a, abinda ya shigo, abinda ya fita, abinda ya rage, a manna kwafi a jikin masallaci, a aika wa malamar Islamiyya nata ta karanta wa mata. Ko watan da aka samu dubu uku kacal a karanta.

Aiki kuma layi-layi. Masu kwale-kwale suna da jerin suna, wanda ya ɗauka yau sai layi ya zagayo, haka 'yan acaɓa, haka matan da ke dafa abinci. In ba haka ba wanda gidansa ke bakin hanya ko wanda ya fi baki shi zai kwashe komai. Abincin ma na gida muke bayarwa, tuwon shinkafa da miyar kuka, gasasshen kifi, fura da nonon da matan rugar arɗo ke kawowa, ba ma sayo lemon roba daga birni mu sayar don ribar can take komawa harda ledar ta bar mana. Tabarmi da faifan kaba mata ke saƙawa su aiko da yaransu mata manya ko tsofaffi rumfa ɗaya, kowane kaya da sunan mai shi a jiki, kuɗinta a hannunta. Sai kuma ku sa ido a kan farashin gari, akwai lokacin da kifi ya fara gagarar masu gida don masunta na ɓoye manyan sai baƙi sun zo, sarkin ruwa ne ya tsawatar yace kamun safe na gari ne a farashin gari, abinda ya rage bayan hantsi a kai rumfar baƙi.

Ƙasa

In kun manta duk abinda na rubuta kar ku manta wannan, kada ku sayar da filin da ke bakin ruwa ko gindin dutse. Da zarar wuri ya fara suna dillalai za su fara zuwa, za su taya gona da kuɗin da mai ita bai taɓa riƙewa ba, shi kuma ga auren 'ya ga bashin taki, wa zai ga laifinsa. Amma bayan shekara biyu za a ja katanga, hanyar da kuke bi zuwa ruwa ta zama ƙofar otal, ɗan mai gonar ya zama mai gadi a gonar ubansa. Mu wani attajiri ya zo da maganar wurin shaƙatawa, mutumin kirki a yadda muka gan shi, bulama ya saurare shi har ya gama sannan yace, "Alhaji, mun gode da ka ga garinmu da daraja, amma ƙasar nan ba tawa ba ce, ta waɗanda ke kwance a can ce da waɗanda ba a haifa ba. In haya kake so mu zauna." Alhajin yace, "Allah ya ja zamanin bulama, a ba ni lokaci in yi shawara." Har yanzu ana magana, ba a rabu baram-baram ba.

In za a ba da haya to ta shekaru ƙidayayyu, a rubuce, gaban dagaci da hakimi, kuma ku nemi lauya naku ko da karo-karo za ku yi ku biya shi, kar ku dogara da lauyan mai kuɗin. A cikin takardar a rubuta cewa hanyar ruwa da mashaya da burtali ba za a toshe su ba, a rubuta adadin ma'aikata 'yan gari da irin aikin, ba shara da gadi kaɗai ba, a rubuta inda ƙazamin ruwan wurin zai tafi, da abubuwan da ba za a yi a ciki ba na saɓa wa addini da al'adar gari, da abinda zai faru da ginin ranar da wa'adi ya cika. In gonar gado ce sai duk magada sun yarda harda mata, ba babban wa kaɗai ba. Sannan ku sani a dokar amfani da ƙasa ta 1978 in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a diyyar da ake lissafawa ta abinda ke kan ƙasar ce, shuka da bishiyoyi da gini, don haka duk mai gona kusa da irin waɗannan wurare ya nemi takardar shaidar mallaka, ya ƙirga bishiyoyinsa, ya ɗau hoto ya ajiye. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wasu gandaye goma su zama na ƙasa, ciki harda Falgore da dausayin Haɗeja, wanda ke zaune a gefensu ya kamata tun yanzu ya san ina iyaka take, kuma me zai faru da kamun kifi da kiwo da yankan kaba da itacen girki, a tambaya a rubuce ta hannun hakimi.

Hoto da yara

Dokar hoto gajeriya ce, ɗan jagora ke faɗinta tun a wurin fakin kafin a taka ko ina: ruwa da tsuntsu da dutse ɗauki iya son ranka, mutum sai ka tambaye shi, matan aure da 'yan mata babu sam, cikin gida ba shiga, ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ba ya tashi a kan gari don gidajenmu ba rufi a tsakar gida. Mace baƙuwa in tana son shiga wajen mata sai a haɗa ta da mace, wayar a jaka.

Yara kuma shi ne abinda ya fi ci min rai. Baƙo da kyakkyawar niyya zai miƙa wa yaro ɗari biyu ko alewa, gobe yara goma ne a bakin hanya, jibi aji ya zama wayam, kafin wata uku yaron da bai taɓa roƙo ba ya iya miƙa hannu. Mun hana ba yara komai hannu da hannu, mai son yin alheri ga akwati a wurin rasit, hedimasta da malamin allo ke buɗewa tare a sayi littafi da alli. Kuma ba a ɗaukar ɗan jagoran da bai gama sakandare ba in ranar makaranta ce.

Kwale-kwale ba na son in yi doguwar magana, kowa a Kano da Jigawa ya tuna abinda ya faru a Bagwai ƙarshen Nuwamban 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutane fiye da kima, aka rasa sama da rai ashirin yawancinsu yara 'yan Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Sarkin ruwa ya yanka wa kowane jirgi adadinsa a rubuta da fenti a jikinsa, rigar kariya ta ruwa ga kowane fasinja, ba a tsayuwa ɗaukar hoto a tsakiyar ruwa, ba a fita in iska ta taso ko bayan la'asar. Matuƙin da ya karya sau ɗaya ya fita daga layi wata guda. Rigunan da tsada, mu shida muka fara da su, don haka mutum shida ke hawa.

Shara kuwa kowane rukuni a ba shi buhu a wurin fakin, ya dawo da shi kafin ya shiga mota. Masu dutse su hana rubuta suna da fenti ko gawayi, su hana taɓa tsohon zane ko watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, abinda ya yi ɗaruruwan shekaru hannu ɗaya ke ɓata shi, su kuma lura da masu fasa dutse. Mu masu tsuntsaye mun hana harbi da danƙo da ɗana tarko a gefen da kirinjijiya da ɗinya ke sauka, amma mun bar manomi ya kori jan-baki daga shinkafarsa yadda ya saba, kuma muna gaya wa baƙi dalili, don wanda ya zo da madubin hangen nesa duk tsuntsu abin sha'awa ne a wurinsa, bai san akwai wanda ke cinye abincin shekara cikin kwana biyu ba.

Kar kowa ya saki noma ko su saboda baƙi. Harkar ta 'yan watanni ce, daga sanyi zuwa farkon zafi sai kuma ranakun Sallah, da damina hanyarmu ko acaɓa da ƙyar, kuma labarin rashin tsaro guda ɗaya a rediyo ko tsadar mai ya isa ya ɗauke ƙafa shekara guda. Ruwan ma da ake zuwa gani ba a hannunmu yake ba, tunda aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 yadda ambaliya ke zuwa fadama ya canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, shi ya sa kason nan na gyaran wuri mu a yankan kachala yake ƙarewa, aikin gayya ake yi da kuɗin abinci da man jirgi, masunta su samu hanya, manomi ya samu ruwa, baƙo ya samu abin kallo.

Duk shekara in zafi ya shigo ƙafa ta ɗauke sai a sake zama, maza a ƙofar fada mata a cikin gida, a sake yin tambayoyin nan uku, a ƙara da ta huɗu: waye aka cuta bana bai faɗa ba? A zaman bara ne muka gano masu gidajen da ke kusa da wurin fakin ƙura ta dame su har wata mai asma ta koma gidan 'yarta, sai muka matsar da fakin gaba da taku ɗari biyu muka dasa darbejiya a tsakani. Bana abinda ke gabanmu maganar kwana ce, wasu masu kallon tsuntsaye na so su riƙa kwana don su fita da asuba, samari na so don kuɗin ya fi, liman da wasu dattawa ba su gamsu ba tukunna. Shawarar da ke kan tabarma yanzu ita ce ɗaki biyu a bakin gari kusa da gidan shugaban 'yan sintiri, mallakar ƙungiya, mutum huɗu iyaka, a gwada sanyi ɗaya a gani, kuma sai matan unguwar da abin zai shafa sun aiko da amsarsu kafin a aza tubali.